Kan Sarki da Furannin Dajin Birnin Gwari

Maganar da zan yi yau a kan abu ne ƙarami, wanda faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, wato kan sarkin da ake liƙa wa wasiƙa a gidan waya. Abin da nake so in kafa wa hujja shi ne, ya kamata hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ta buga jerin kan sarki masu ɗauke da furannin dajin Birnin Gwari, kowane fure da sunansa na Hausa, da sunan dajin a rubuce a ƙasansa, kuma mu mutanen wannan yanki mu ya wajaba mu tashi mu nema. Na san akwai wanda tun yanzu ya fara cewa a ransa, garin da ya binne mutane masu yawa haka, ina shi ina maganar fure? Tambaya ce ta gaskiya, kuma zan zo kanta. Amma bari mu fara duba abin da ƙasar nan ta saba ɗorawa a kan wannan 'yar takarda, domin a nan hujjar take.

Tun da Ingila ta fitar da kan sarki na farko a 1840, aikinsa a zahiri guda ne, shaida ce cewa an biya kuɗin kai wasiƙa. Sai dai gwamnatoci ba su daɗe ba suka gane cewa yana da wani aiki na biyu. Takarda ce da hukuma kaɗai ke da ikon bugawa, tana shiga kowane gida, tana ƙetare kowace iyaka, kuma duk abin da aka zana a jikinta ya zama abin da ƙasa ta zaɓa da kanta ta nuna wa duniya. Saboda haka mai son sanin abin da wata gwamnati ta ɗauka da daraja a wani zamani, ya duba kan sarkinta. Namu na farko a Arewa, waɗanda aka fitar a 1900, hoton Sarauniya Biktoriya ne a jiki, sannan na sarakunan da suka gaje ta, har aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. A 1936 aka fitar da jeri mai hotunan ƙasa: tashar jirgin ruwa ta Apapa, koko, injin haƙar kuza, injin gurzar auduga, shanun Fulani, kwakwar manja, da aikin katako a kan na kwabo biyu. A 1953 aka sake sabon jeri: gyaɗa a kan na ahu, kuza a kan na kwabo biyu, katako a kan na sule, manja a kan na sule biyar, fatu da ƙiraga a kan na sule goma. Da aka koma naira da kwabo a 1973, gwamnatinmu ta kanmu ta fitar da nata, akwai matatar mai, siminti, rake, masaƙa, bikin kamun kifi na Argungu, Yankari, da kuma injin yanka katako a kan na kwabo 7. Ku lura da wannan. Sau uku cikin shekara talatin da bakwai daji ya fito a manyan jerin kan sarkinmu da siffa guda, siffar gungumen da aka kayar za a sayar. Gaskiya ne katakon kurmin Kudu ake nufi a hotunan, amma tunanin da ke bayansu bai tsaya a Kudu ba. Tunani ne da ke cewa daji ma'ajiya ce, darajarsa ita ce abin da za a iya ɗebowa a loda a mota. Da wannan idon ake kallon dajinmu har yau, ko mai gawayi ne, ko mai katako, ko mai haƙar zinariya.

A wannan shekarar ta 1936 da aka buga hoton katako, a ita aka keɓe dajin Kamuku na Birnin Gwari a matsayin gandun daji na En'e. A watan Mayu na 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara, kogin Mariga ne ya raba su. A cikinsa akwai Goron Dutse, akwai Tsaunin Rema, akwai magangarar Dogon Ruwa. Daji ne na doka, da baushe, da taura, da maje, da ƙirya, da kaɗanya, da ɗorawa, da tukurwa a bakin rafuka. To amma ku tambayi mutumin Legas ko na Fatakwal, kai ko na Kano, me ya sani game da dajin Birnin Gwari. Abin da zai faɗa muku shi ne satar shanu, da rundunar haɗin gwiwa da gwamnonin yankin suka tura Kamuku a 2015, da kisan da aka yi a ƙauyen Gwaska a 2018, da hanyar Kaduna mai kimanin kilomita 120 wadda aka yi shekaru ba a binta sai da rakiyar sojoji. Duk wannan ya faru, ba wanda zai musa, kuma a ɗakin nan akwai waɗanda abin ya ci 'yan'uwansu. Abin da nake cewa shi ne, sunan dajin ya zama ba ya tuna wa ƙasa komai sai wannan, kuma hakan yana da nasa sakamakon. Wurin da ba a san shi da komai ba sai ɓarna, ba mai jin zafi in an ƙone shi, ba mai tambaya in an sare shi, ba ɗan majalisar da zai tsaya ya nema masa kasafi sai na bindiga.

Bari in nuna muku abin da ba a faɗa wa ƙasa ba. Idan kaka ta wuce aka cinna wa daji wuta, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, toka ko'ina, ba ka ganin ɗanyen abu ko ɗaya. Cikin 'yan kwanaki, ba tare da ɗigon ruwan sama ba, sai rawaya ta ɓullo. Ba ta da kara a lokacin, ba ta da ganye, furen ne kawai zaune a kan toka, ɓangarori biyar masu launin ɗorawa mai ƙarfi, tsakiyarsa cike da siraran zarurruka masu ɗauke da garin fure. Sirrinta yana ƙarƙashin ƙasa, a wata kakkaurar saiwa da ta tara abinci tun damina, wadda wuta ba ta kai gare ta. In ka haƙo saiwar ka karya, cikinta ja-ja ne mai ruwan ɗorawa, shi ake shanyawa a daka, a rina da shi, a sa wa abinci launi, masu magani kuma su ba mai shawara. Ganyenta sai damina ta sauka yake fitowa, lokacin da furen ya daɗe da tafiya, shi ya sa da yawa ba su san tsiro ɗaya ba ne. A wannan lokaci na hunturu itatuwa ma suna nasu. Gurjiya ta zubar da ganye ta yi jajayen furanni masu kauri a kan tsirarun rassa, minjirya ta yi nata ja, madobiya ta lulluɓe da ruwan ɗorawa, sansami ya yi fari-fari mai ratsin ja, ana hango shi daga nesa. Da bazara ta kawo kai sai ɗorawa ta rataye jajayen ƙwallayenta, kaɗanya ta cika iska da ƙamshi, gauɗe ya buɗe fari ya koma rawaya kafin ya faɗi, marga ta zubo da dogayen tsintsiyoyin fure, uwar magunguna ta yi shunayya. Ruwan farko yana taɓa ƙasa albasar kwaɗi ta tsago, fara mai jan layi a tsakiyar kowane ɓangare. Da damina ta zauna sai baurairai, wanda wasu ke kira gatarin kurege, ya hau ciyayi yana kama su da bakin ganyensa da ke nannaɗewa, furensa ya juye baya kamar harshen wuta, gindi rawaya, baki ja. Shi wannan saiwarsa guba ce mai kisa, makiyaya sun sani, kuma shi ne furen da ƙasar Zimbabuwe ta ɗauka ya zama alamarta. A tafkuna kuwa ga bado. Wata goma sha biyu, ba watan da irin wannan daji yake rasa fure.

Akwai ɗaya da na ware domin shi kaɗai ya isa hujja. A farkon damina, a inuwar itatuwa da gindin duwatsu, akwai wani ɗan tsiro da ke shimfiɗa ganye huɗu masu faɗi a kan ƙasa, biyu suna fuskantar biyu, sannan fure mai launin rawaya ya fito a tsakiyarsu. Mutanenmu suna ce masa takalmin zomo, masana kimiyya kuma Costus spectabilis. Wannan shi ne furen ƙasa na Nijeriya. Shi ne aka zana a ƙarƙashin ƙafafun fararen dawakan nan biyu na tambarin ƙasa, wanda ke kan fasfo da kuɗi da bangon kowane ofishin gwamnati. Sau da yawa masu zana tambarin ja suke yi masa, alhali a daji rawaya ne. Ɗalibai suna haddace sunansa na Latin don cin jarrabawa, kuma yaron da ya haddace ɗin yana iya taka shi a hanyar gona bai san shi ne ba. Ƙasar da ta ɗora fure a tambarinta tun 1960, har masu zane suka sauya masa launi ba wanda ya tanka, ƙasa ce da ta daina kallon ƙasan ƙafarta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Adalci ne a faɗi cewa gidan waya bai yi watsi da furanni gaba ɗaya ba. A 1987 ya fitar da kan sarki huɗu na furannin Nijeriya, a 1993 kuma wasu huɗu na furannin okid, cikinsu har da Eulophia cristata, wanda ɗan irin dajinmu ne, yana fito da dogon kara mai furanni shunayya kafin ganyensa, a tsakanin ƙarshen rani da ruwan farko. Aiki ne mai kyau. Amma sunayen da ke jikinsu ba na harshen waɗanda ke zaune tare da furannin ba ne, kuma ba a ɗaure su da wani wuri ba. Manomin da ya ga hoton ba abin da zai gaya masa cewa nasa ne, baƙon da ya saya ba abin da zai gaya masa inda zai je ya gani. Wasu ƙasashe sun yi abin da ya fi haka. Afirka ta Kudu a 1977 ta mai da dukan kan sarkinta na yau da kullum furannin dangin furotiya na ƙasarta, ta yadda duk mai aika wasiƙa sai ya riƙe ɗaya. Ostireliya tun daga 1959 ta sa furannin dajinta a kan nata, da zanen ƙwararriyar mai zana tsirrai Margaret Stones. Kenya ta yi jerin furanni a 1983. Amurka a 1992 ta fitar da falle guda mai furannin daji hamsin, kowanne daban. Waɗannan ƙasashe ba don sun rasa masana'antu ko shugabannin da za su nuna suka yi haka ba. Sun ɗauki abin da ke tsirowa a ƙasarsu a matsayin dukiyar da ta cancanci hatimin hukuma.

Yanzu ga masu ja. Na farko zai ce, wa ke aika wasiƙa yau, kowa da wayarsa a hannu? Gaskiya ne, wasiƙar gaisuwa ta mutu, kuma ba zan ce kan sarkin fure zai tashe ta ba. Sai dai buga kan sarki bai tsaya ba, NIPOST tana fitar da na tunawa har yanzu, kuma wanda aka fitar ba ya ɓacewa. Ana aika samfurinsa ga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya da ke Bern, wadda aka kafa tun 1874, yana shiga kundayen da masu tara kan sarki ke amfani da su a duk duniya, kuma masu tara na furanni kaɗai jama'a ce mai yawa. Shi ya sa yau muke iya faɗin abin da aka zana a 1936 dalla-dalla, alhali jawaban da manyan jami'ai suka yi a shekarar sun bi iska. Sannan zanen da aka yi don kan sarki ba a kan ambulan yake ƙarewa ba. Shi ne zai koma allon bango a makarantun firamare, ya shiga littafin kimiyya, ya yawata a wayar da ake cewa ta kashe wasiƙa.

Na biyu zai ce, ai son fure al'adar Turawa ce, Bahaushe bai damu da shi ba. Idan ana nufin yanko fure a sa a kwalba a ajiye a falo, na yarda ba tamu ba ce. Amma sanin fure namu ne tun fil azal, kuma sani ne na mai neman abinci, wanda ya fi na mai ado zurfi. Mai zuma yana duban furen kaɗanya da na ɗorawa kafin ya ɗora amya. Matar da ke yin daddawa ta san cewa yawan jajayen ƙwallayen nan na bazara shi ne yawan kalwarta, ko da ba ta san jemagu ne ke zuwa da dare suna shan ruwan furen suna yi masa barbara ba. Man kaɗe daga fure ya faro, ta hanyar ƙudan zuma. Gindin furen gurjiya ana shanya shi a yi miya. Manomi yana ganin shunayyar ƙuduji a cikin dawarsa gabansa ya faɗi, don ya san abin da ke tsotse masa gona. Da Bahaushe bai kula ba, da likitan nan J. M. Dalziel bai sami abin da zai cika littafi guda da sunayen tsirrai na Hausa ba a 1916, shekaru kafin babban littafinsa na tsirran Afirka ta Yamma masu amfani da ya fito a 1937. Mafarauta da makiyaya da unguwarzoma da masu magani ne suka ba shi sunayen. Ga Gbagyi da Kamuku da Fulani, waɗanda kowannensu ke da nasa sunayen na waɗannan tsirrai, kuma ya dace a rubuta su a takardar bayanin da ke rakiyar kowane jeri. Ta fuskar addini ma hanya a buɗe take. Alƙur'ani mai girma ya yi ta jan hankalinmu ga yadda ƙasa ke rayuwa bayan mutuwarta da tsirrai masu launi daban-daban, kuma jumhurun malamai ba su ga laifin zana itace da fure ba, ko waɗanda suka tsananta game da zana mai rai.

Na uku zai ce waɗannan furanni ba na Birnin Gwari kaɗai ba ne, ana samun su daga Senegal har Sudan. Haka ne. Amma kifi ma ba a Argungu kaɗai yake ba, sunan Argungu aka rubuta. Kamuku na cikin 'yan wuraren da doka ta keɓe wa irin wannan daji a Arewa maso Yamma, saboda haka shi ya fi cancanta a kira sunansa.

Ja na huɗu shi ne mai nauyi, kuma ina so mu tsaya a kansa. Mai shi zai ce, hoto bai taɓa ceton komai ba. Yana da shaida. A 1965 Nijeriya ta fara fitar da ɗaya daga cikin mafi kyawun jerin kan sarkinta, na namun daji, zanen Maurice Fievet: giwa a kan na kwabo, damisa a kan na kwabo huɗu, gauraka a kan na sule da taro, raƙumin dawa a kan na sule biyar, dorina a kan na sule goma, ɓauna a kan na fam. Yau raƙumin dawa ya ƙare a dazukanmu, mai son ganin irin na Afirka ta Yamma sai ya nufi yankin Kure a Jamhuriyar Nijar. Gauraka, wanda dattawan da ke nan suka sani a fadamu, ya zama abin labari a yawancin Arewa. Kan sarkin bai hana ba. Ita ma madobiya, kyan furenta bai hana a bi ta da zarto daga Taraba har Kogi ana lodawa zuwa ƙasar Sin ba, har sai da taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Johannasbag ya sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Na karɓi wannan duka. Abin da ya koya mana shi ne hoton da ba a ɗaura masa aiki ba ado ne kawai. Don haka abin da nake nema ba hoto kaɗai ba ne, kuma akwai hanyoyi biyu na ɗaura masa aiki waɗanda an gwada su a wasu wurare. Ta farko ita ce ƙarin kuɗi. Suwizalan tun 1913 take fitar da kan sarkin Pro Juventute, wanda ake biyan ɗan ƙari a kan kuɗinsa don taimakon yara, kuma daga 1943 furannin duwatsun ƙasar aka riƙa zanawa a jiki. Amurka tun 1934 ta wajabta wa maharban agwagin ruwa sayen wani kan sarki na musamman, ba na wasiƙa ba, kuɗinsa kusan duka yana tafiya wajen saye da kare fadamun da tsuntsayen ke sauka. Ba na cewa ƙarin da za a samu a namu zai riƙe gandun daji mai faɗin Kamuku. Zai iya riƙe gandun renon dashe na madobiya da kaɗanya da ɗorawa, in an rubuta a fili inda kuɗin zai je kuma aka riƙa bayyana lissafinsa. Hanya ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Ba a zana fure don kan sarki daga ka. Sai masanin tsirrai ya shiga daji ya same shi a lokacinsa, ya ɗebo samfuri, ya danne shi tsakanin takardu ya bushe, ya rubuta rana da wuri da sunan da mutanen wurin ke kiransa, ya kai ɗakin adana busassun tsirrai a tabbatar da shi. Muna da irin wannan ɗaki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai babba a Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan. Muna da sashen zane a Zariya wanda ya yaye manyan masu zanen ƙasar nan. Muna da Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a bakin hanyarmu, wadda ita ma ta ɗanɗani wannan masifa da aka sace ɗalibanta a watan Maris na 2021. Shekarun da aka yi ana tashin hankali shekaru ne da mai bincike ba ya iya shiga dajin. Neman furanni takwas ko goma na kan sarki dalili ne da zai mai da masana ciki, su rubuta abin da ya rage bayan wuta da gatari da ramukan zinariya, kuma wannan rubutun shi ne abin da za a kafa hujja da shi gobe a gaban duk mai son a yanka dajin a raba.

Sai tambayar da na ajiye tun farko, ta jini da fure. Ba zan raina ta ba. Wanda aka kashe masa ɗa, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba ya bukatar kowa ya nuna masa hoton rawaya. Yana bukatar tsaro, da asibiti, da makaranta, da hanya, da adalci. Da kan sarki zai ci ko kwabo daga kuɗin waɗannan, da ni ne na farko da zai ce a bari. Amma ba daga aljihu ɗaya suke fitowa ba, gidan waya zai buga wani abu a shekarar ko mun nema ko ba mu nema ba, tambayar kawai ita ce me zai buga. Sannan ku duba halin da muke ciki. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin nan na Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Kowa yana addu'ar Allah ya ɗorar. To idan zaman lafiya ya zauna, dajin zai shiga wani haɗari na daban, domin hanyar da ta buɗe wa manomi da ɗan kasuwa ita ce ta buɗe wa motar gawayi da ta katako. A irin wannan lokaci ne ake yanke wa daji hukunci, ko ya zama wurin da hukuma da jama'a suka san abin da ke cikinsa suke tsaronsa, ko ya zama fili marar mai shi, wanda kowa zai ɗiba har wani mai bindiga ya sake samun mafaka. Daji ba ya zama maɓoyar ɓarayi sai bayan ma'aikacin gandu da ɗalibi da mai bincike da mai yawon buɗe ido sun daina shiga. Duk abin da zai mai da waɗannan mutane ciki, aikin tsaro ne shi ma, ko da ƙarami ne. Kuma yaran da aka haifa cikin shekarun nan, waɗanda ba su taɓa jin an ambaci garinsu a rediyo da alheri ba, suna da haƙƙin su ga sunansa a jikin takardar hukuma tare da wani abu mai kyau.

Akwai sharaɗi guda da zan ƙara. Wasu kamfanonin waje suna buga kan sarki barkatai da sunan ƙasashen Afirka, da hotunan abubuwan da ba su da alaƙa da ƙasar, don sayar wa masu tarawa kawai, har Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta buɗe rajistar tantance na gaskiya a 2002. Namu kada ya bi wannan hanya. A zana shi a nan, daga furen da aka gani da ido a Kamuku, a sayar da shi a gidan wayar Birnin Gwari da na Kaduna da na Zariya kamar yadda za a sayar a Legas, a kan kuɗin da talaka ke iya saya, kuma a yi bikin fitar da shi a garin nan.

Wanda zai rubuta takardar neman ba mutum ɗaya ba ne. Masarauta, da ƙaramar hukuma, da ofishin gandun dajin Kamuku, da 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, su ne in suka sa hannu a takarda guda gidan waya zai saurara. Malaman Zariya da na Afaka su tsara yadda za a tattara samfuri, maharba da masu magani da mata masu tsintar kaɗanya su nuna hanya, a biya su ladan aikinsu, a kuma rubuta cewa daga bakinsu sunayen suka fito. Aikin daji ba zai kasa shekara guda cur ba, saboda rawaya da gurjiya sai hunturu, albasar kwaɗi sai ruwan farko, baurairai sai tsakiyar damina, kuma wanda ya kuskure lokacin ɗaya sai ya jira baɗi. Don haka ya kamata a kammala takardar da tsarin tafiyar kafin a gama girbi, domin masu ɗebo samfuri su kasance a shirye ranar da aka fara ƙunar daji.